Takalman Orest

Ƙarfe biyu da kwata, garin Yorkton ya yi tsit,
sanyi ya ƙwace titi, ko kare bai leƙo ba.
Ni kaɗai nake sintiri, shayina ya daɗe da hucewa,
sai ga wata tsohuwar akori-kura a bayan mashaya,
inji na gurnani, hayaƙi na tashi fari fat,
dusar ƙanƙara ta haɗiye tayoyinta har rabi.

Na haska tocila. Orest Pawluk ne,
mai waldar da ya gyara mana ƙofar lambu bara
ya ƙi karɓar ko sisi.
Ya kwantar da kujera, hula a kan fuska,
ya tuɓe takalma ya jera su a gefe
kamar baƙon da ya san mutuncin ɗakin mutane.

Na ƙwanƙwasa gilashi.
Warin barasa ya riga shi gaishe ni.
"Noreen," ya ce, "ban tuƙa ba. Dubi ƙasa,
ina sawun taya? Ko taku ɗaya ba ta yi ba.
Na san na sha, shi ya sa na kwanta.
Na kira tasi, suka ce sai gari ya waye.
In na kashe injin nan,
gawa za ki zo ɗauka da safe."

Bai yi ƙarya ba.
Amma doka ma da tata gaskiyar:
makulli na cikin rami, mutum na kujerar direba,
to mota na hannunsa, ko idonsa biyu ko yana minshari.
Ba ta tambayar niyyar da ka kwanta da ita,
tana tambayar wanda za ka zama in ka farka.

Ni kuwa na taɓa ganin wanda ya farka.
Shekara shida ke nan, a hanyar Melville.
Shi ma barci ya yi, shi ma ya ce ya yi hankali,
ƙarfe biyar ya murza ido, ya ji kansa garau,
ya murza makulli.
Teagan sunanta. Shekararta tara.
Safar hannunta ja ce, guda ɗaya muka samu,
ni na ɗauke ta daga kan ƙanƙara,
har yau ban san wa ya dace in miƙa wa ba.

Na ce, "Hura nan, Orest."
Ya hura. Lamba ta hau, ta ƙara hawa,
ya kalle ta kamar ɗan da ya tona asirin ubansa.
Na zare makulli, inji ya yi shiru,
shirun ya fi gurnanin nauyi.

Na sa shi a bayan motata, na ƙure na'urar ɗumi.
A mahaɗar hanya fitila ta ba ni ja,
ba kowa, amma na tsaya.
Dama gidan ƙanwarsa Halyna, da fitilar baranda a kunne.
Hagu ofis, da benci, da takarda mai layi-layi.
Kore ya zo, ya wuce. Ja ya dawo.
A baya yana ƙunƙuni da sunan matarsa,
wadda muka binne a watan Nuwamba.

Na yi hagu.
Kada ku tambaye ni ko daidai ne,
na tambayi kaina har na gaji.
A takarda na rubuta lambar yadda ta fito,
a ƙarƙashinta na rubuta: mota ba ta motsa ba,
na ja layi biyu, har biro ya huda takarda,
don alƙali ya ji da yatsa in idonsa ya tsallake.

Sai da asuba na lura da ƙafafunsa,
safa kawai, ɗaya ta yage a diddige.
Na koma bayan mashaya.
Suna nan a jere, sun daskare,
suna jiran mai su kamar bai yi laifi ba.
Na rungumo su cikin kwat ɗina,
na ɗumama su har ofis.